Martani: Kumburi Bai Wanke Kolestarol Daga Laifi Ba

Kwanakin baya wani rubutu ya fito a shafin kiwon lafiya na ɗaya daga cikin jaridunmu na Hausa, daga alƙalamin wani malami da ya daɗe yana faɗakar da jama'a a kan cima da lafiyar jiki. Rubutun ya zagaya sosai, har 'ya'ya da jikoki suna karanta wa tsofaffi shi a gida. Ina ganin girman Malam, ban kuma taɓa shakkar kyakkyawar niyyarsa ba. Amma shawarar da ya rufe rubutun da ita tana iya kwantar da dattijon da yau yake tafiya masallaci da ƙafafunsa, shi ya sa na ga bai halatta in yi shiru ba.

Ga abin da ya ce, kuma zan yi ƙoƙari kada in tauye masa komai. Ya ce likitoci sun shafe shekaru suna ɗora wa kolestarol, maiƙon nan da ke yawo a cikin jini, laifin da ba nasa ba. Mai laifin na gaskiya, a ganinsa, shi ne kumburin ɓoye da ke cin jijiyoyin jini sannu a hankali yayin da mutum ke tsufa. Kolestarol kuwa jiki ne ke tura shi inda aka samu rauni domin ya yi gyara. Ya kwatanta shi da 'yan kwana-kwana, waɗanda duk inda gobara ta tashi za a tarar da su alhali ba su suka kunna wutar ba. Ya kafa hujja da binciken ƙasashen waje da ya nuna cewa tsofaffi masu yawan kolestarol sun fi masu ƙarancinsa tsawon rai. Daga nan ya yanke hukunci cewa wanda ya haura shekara 60 ba ya bukatar ƙwayoyin sitatin da ake rubuta wa mutane don rage kolestarol, cewa kamfanonin magani ne kawai ke cin ribarsu, kuma gara tsoho ya ajiye su ya koma yaƙi da kumburi da citta da kurkum da tafarnuwa.

Akwai gaskiya a cikin maganarsa, ba kuma kaɗan ba. Kumburi yana da hannu dumu-dumu a toshewar jijiyoyin jini. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya hango haka, a 1999 kuma Russell Ross na Amurka ya wallafa shahararriyar maƙalar da ta kira toshewar jijiya cutar kumburi kai tsaye. A 2000 Claudio Franceschi na Italiya ya ja hankalin masana ga yadda jikin tsoho ke zama cikin wani ɗan kumburi na dindindin, ko da babu wata cuta a fili. Binciken da Malam ya jingina da shi ma yana nan. A 2016 Uffe Ravnskov, likita ɗan Denmak mazaunin Suwidin, shi da abokan aikinsa suka tattara bincike 19 da suka ƙunshi mutum 68,094 da suka haura shekara 60, suka ce a mafi yawansu masu yawan LDL, wato nau'in kolestarol da ake kira mugu, sun fi daɗewa a duniya. Kafin su, a 1997, an ga irin haka a birnin Leiden na ƙasar Holan a cikin mutum 724 masu shekara 85 zuwa sama, a 2001 aka sake gani a Honolulu a cikin dattawa 3,572 'yan asalin Japan. Ba na musun ko ɗaya daga cikin alƙaluman nan. Inda muka rabu da Malam shi ne abin da ya ciro daga cikinsu.

Tambayar da bai tsaya ya yi ba ita ce: me ya sa kolestarol ɗin wancan tsohon ya yi ƙasa tun farko? Amsar tana cikin abin da shi kansa ya ɗaga, wato kumburi. Idan jiki ya shiga faɗa da cuta, sojojin garkuwar jiki suna sakin wasu sinadarai, irin wanda ake kira IL-6, su isa hanta su sauya mata aiki. Sai hanta ta rage sarrafa wasu abubuwa, kamar furotin ɗin albumin, ta ƙara wasu, kamar CRP, wanda shi ake aunawa a gwajin jini don a gane ko akwai kumburi. A cikin wannan hali kolestarol yana faɗuwa, mugun da nau'in da ake kira mai kyau duka. Ana ganin haka a zazzaɓin cizon sauro, a tarin fuka, a ciwon daji, a lokacin da ƙwayar cuta ta shiga jini, har da kwanakin da ke biyo bayan bugun zuciya ko babbar tiyata. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa ba ya dogara da sakamakon kolestarol da aka auna mutum yana kwance da zazzaɓi, sai ya ce a dawo bayan 'yan makonni a sake.

Mu ɗauki wata gyatuma irin wadda kowannenmu ya sani. Da can mace ce mai jiki, sai a cikin shekara guda awarwaronta ya fara zamewa yana kaiwa gwiwar hannu. An kawo tuwo ta yi loma biyu ta ture kwanon. Haƙora sun zube, nama ya gagare ta. Da dare tana tari, da asuba a tarar matashinta ya jiƙe da gumi. Idan aka ɗebi jininta yau za a ga kolestarol ya yi ƙasa ƙwarai, albumin ya yi ƙasa, jini ya ragu, CRP ya hau. Idan Allah ya karɓi abinsa bayan 'yan watanni, mai tattara alƙaluma zai rubuta ta a layin masu ƙarancin kolestarol da suka mutu da wuri. To, ƙarancin kolestarol ne ya zama sanadin ajalinta, ko cutar da ta hana ta cin abinci ta kuma juya mata hanta? Da an yi ta ɗura mata man shanu har kolestarol ɗinta ya hau, tarin zai tafi?

Masana ba su bar wannan a matsayin zato ba. A 1997 Maria Chiara Corti da abokan aikinta suka bi tsofaffi fiye da 4,000 a Amurka. Da suka dubi alƙaluman a ɗanye, sun ga abin da Malam ya gani: waɗanda kolestarol ɗinsu ya fi ƙasa su suka fi mutuwa da ciwon zuciya. Da suka sa alamun rashin lafiya a lissafi, irin su ƙarancin albumin da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, suka kuma ware waɗanda suka rasu a shekarar farko, sai hoton ya juye: yawan kolestarol ne ke tafiya da mutuwar ciwon zuciya, kamar yadda yake ga masu matsakaicin shekaru. Likitocin amosanin gaɓɓai ma sun san wannan sarai. Mai fama da nau'in amosanin da garkuwar jiki ke cin gaɓɓansa yakan kasance da kolestarol a ƙasa lokacin da ciwon ya tsananta, da zarar an ba shi maganin da ya kwantar da kumburin sai kolestarol ɗin ya ɗago. Ke nan ƙarancin kolestarol a jikin marar lafiya sawun kumburi ne.

Akwai kuma abin da duk mai ƙidayar tsofaffi ke cin karo da shi. Wanda ya kai shekara 85 da kolestarol mai yawa, ragowar waɗanda suka tsira ne. Sa'o'insa da jikinsu bai jure ba an binne su tun suna 55 ko 65, ba sa cikin lissafin. A ɗaya ɓangaren, da yawa daga masu ƙarancin LDL a irin wannan bincike mutane ne da aka ɗora kan magani saboda zuciyarsu ta riga ta taɓu. Bincike na kallo da ƙidaya ba ya iya warware waɗannan igiyoyi sarai, kuma wannan na cikin abin da masana suka soki aikin Ravnskov da shi tun fitowarsa.

Mu koma ga misalin 'yan kwana-kwana, domin shi ne ya fi kama zukatan masu karatu. Ɗan kwana-kwana yakan iso bayan wuta ta tashi. A bangon jijiya kuwa LDL ne ke riga kowa isa. Ƙwayoyinsa suna kutsawa ta shimfiɗar cikin jijiya su maƙale a bayanta. Da sun daɗe a nan sai su lalace, jiki ya ɗauke su baƙi. Fararen ƙwayoyin jini su bi su ciki su yi ta haɗiya har su cika da maiƙo su mutu a wurin, su bar tarkace. Kolestarol ɗin da ya taru ya daskare ya zama 'yan ƙanana masu tsini, kuma a 2010 aka wallafa a mujallar Nature cewa waɗannan daskararrun su ke tayar da wata na'urar ƙararrawa a cikin sojojin jiki mai suna NLRP3. Ita ke sa a saki sinadarin IL-1, shi ya kira IL-6, shi kuma ya sa hanta ta zubo CRP. Shekaru suna tafiya, curin maiƙo da tarkacen nan yana girma a ƙarƙashin wata 'yar fata, kumburi yana cin fatar har wata rana ta tsage, jini ya daskare a kai, hanya ta toshe. Idan a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. Idan a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Wane ɗan kwana-kwana ne ake samu a wurin tun kafin hayaƙi, kuma zamansa a wurin ne ke tayar da wutar?

Hawan jini da taba da ciwon suga suna raunana shimfiɗar jijiya su sauƙaƙa wa LDL shiga, kumburin da ke wani sashe na jiki ma yana hura na cikin jijiya. Wannan duka haka yake. Amma ba a samun curin ba tare da kolestarol a cikinsa ba. Tun 1913 Nikolai Anichkov ya nuna a birnin Sen Fitasbag na Rasha cewa zomayen da aka ciyar da kolestarol suna samun irin wannan curi.

Idan Malam ya ce zomo ba mutum ba ne, ga mutane. Akwai wata cuta ta gado da ke samun kimanin mutum 1 cikin 250, inda hanta ba ta iya kwashe LDL daga jini yadda ya kamata. Michael Brown da Joseph Goldstein sun samu kyautar Nobel a 1985 saboda gano sirrinta. Yaron da ya gaje ta daga uwa da uba duka yana iya samun bugun zuciya kafin ya kai shekara 20, wani ma tun yana firamare. Wane kumburin tsufa ne ya kama ɗan shekara goma? A ɗaya gefen kuma, a 2006 Jonathan Cohen da Helen Hobbs suka gano cewa kusan kashi 2.6 cikin 100 na baƙar fatar Amurka da suka bincika suna ɗauke da wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PCSK9, wanda ke sa LDL ɗinsu ya zauna ƙasa da na sauran mutane da kashi 28 cikin 100 tun daga haihuwa. A cikin shekara 15 da aka bi su, haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya a wurinsu ya yi ƙasa da kashi 88 cikin 100. Waɗannan jikokin Afirka ne kamar mu, ƙarancin kolestarol ɗinsu halitta ce ba rashin lafiya ba, kuma kariya ya zame musu.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Tsimane, wata ƙabila da ke dazukan Bolibiya, masu rayuwa da noma da farauta da kamun kifi. A 2017 aka wallafa a mujallar Lancet sakamakon hoton zuciya da aka yi wa manyansu 705, masu shekara 40 zuwa 94. Mutanen nan suna fama da tsutsar ciki da cututtuka iri-iri, har kusan rabinsu CRP ɗinsu a sama yake. Inda kumburi shi kaɗai ke toshe jijiya, da su za su fi kowa ciwon zuciya. Abin da aka tarar shi ne kashi 85 cikin 100 ba su da alamar daskarewa ko kaɗan a jijiyoyin zuciya, abin da ba a taɓa gani a wata al'umma ba. LDL ɗinsu yana wajen 91 a ma'aunin da asibitoci ke amfani da shi, jininsu ba ya hawa, suna wuni a tafe. Ba LDL kaɗai ya ba su wannan ba, amma ga kumburi mai yawa ga jijiyoyi garau. Yaya Malam zai fassara mana wannan?

Hujja mafi ƙarfi a likitanci ita ce gwajin da ake raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu magani, a ba wasu ƙwayar da babu komai a cikinta, a jira a gani. An yi wa duka ɓangarorin biyu na wannan muhawara irin wannan gwaji. A 2017 gwajin CANTOS ya ba mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya wata allura da ke toshe IL-1. Ba ta taɓa kolestarol ba, amma ta rage sabon bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwar zuciya da kusan kashi 15 cikin 100. Wannan ya tabbatar da rabin maganar Malam, kuma masana sun karɓe shi hannu bibbiyu. Sai dai kusan 9 cikin kowane 10 na mutanen suna shan sitatin, a kansa aka ɗora allurar, kuma waɗanda suka karɓe ta sun fi mutuwa da cututtuka masu shiga jini, abin da ya fi zama barazana ga tsoho. A shekarar dai, gwajin FOURIER ya ba mutum 27,564 wata allurar dabam da ke rage LDL da kusan kashi 59 cikin 100 ba tare da ta motsa CRP ba, larurorin zuciya suka ragu da kashi 15 cikin 100. An rage kumburi an bar kolestarol, an samu sauƙi. An rage kolestarol an bar CRP inda yake, an samu sauƙi. Ta yaya za a karɓi sakamako na farko a rufe ido ga na biyu?

Abin da ya fi ba ni tsoro a shawarar Malam shi ne, sitatin da ya ce a ajiye shi kansa yana rage kumburi. A gwajin JUPITER na 2008 an ɗauki mutum 17,802 waɗanda LDL ɗinsu bai kai 130 ba amma CRP ɗinsu ya hau, wato ainihin mutanen da Malam ke magana a kansu. Sitatin mai suna rosuvastatin ya rage musu LDL da rabi, ya rage CRP da kashi 37 cikin 100, manyan larurorin zuciya da jijiya suka ragu da kashi 44 cikin 100, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Fiye da 5,000 daga cikinsu sun kai shekara 70. Dattijon da ya zubar da ƙwayarsa don ya yaƙi kumburi ya zubar da ɗaya daga cikin abubuwan da ke kwantar masa da shi. Ba kuma kowane maganin kumburi ke kare zuciya ba: an gwada methotrexate a kan mutane kusan 4,800, bai rage komai ba.

To tsofaffi fa, tunda a kansu ake magana? A 2002 gwajin PROSPER ya ɗauki mutum 5,804 masu shekara 70 zuwa 82 a Sikotlan da Ailan da Holan. A cikin shekara uku da 'yan watanni sitatin mai suna pravastatin ya rage mutuwar ciwon jijiyoyin zuciya da kashi 24 cikin 100, ko da yake bai rage shanyewar jiki ba a wannan ɗan lokaci. A 2019 aka haɗa gwaje-gwaje 28 masu mutum 186,854, fiye da 14,000 daga cikinsu sun haura 75, aka ga amfanin sitatin ya kai har ga waɗannan, musamman waɗanda jijiyoyinsu suka riga suka kamu. A 2020 binciken mutanen birnin Kopenhagen ya nuna cewa masu shekara 70 zuwa 100 su suka fi kowane rukuni shiga haɗarin bugun zuciya idan LDL ya hau. A Faransa kuma an bi mutum fiye da 120,000 'yan shekara 75 da ke shan sitatin, aka ga waɗanda suka daina sun fi kwanciya asibiti da larurar zuciya ko jijiya da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Akwai wurin da muke kusa da juna da Malam. Tsohon da ya haura 75, bai taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki ba, ba shi da ciwon suga, hujjar fara masa sitatin ba ta kai ƙarfin ta sauran ba, abin da ya sa aka shirya manyan gwaje-gwaje biyu domin irinsa, STAREE a Ostareliya da PREVENTABLE a Amurka. Wanda kuma jinya ta ci ƙarfinsa, likitoci suka ga saura ƙiris, gwajin da aka wallafa a 2015 ya nuna ana iya sauke masa wannan ƙwayar ba tare da cutarwa ba. Amma hukunci ne da likita ke yankewa da mutum ɗaya a gabansa, da takardunsa a hannu. Malam ya ɗauki abin da ya dace da wasu 'yan kaɗan ya shimfiɗa a kan duk wanda ya haura 60, har da wanda aka sallamo daga asibiti bara da ɓari guda a shanye.

Batun riba ba zai ɗauke mu lokaci ba. Kamfanonin magani 'yan kasuwa ne, sa musu ido wajibi ne. Amma sitatin tsohon magani ne, Akira Endo na Japan ya gano na farko tun a shekarun 1970, haƙƙin mallakar ɗaya daga cikinsu, atorvastatin, ya ƙare a Amurka a 2011, yanzu kamfanoni barkatai ke yin sa da araha. Allurar kumburin nan ta CANTOS ce mai tsadar da talaka ba zai ko kusanta ba. Ciwon tsoka da wasu ke kuka da shi gaskiya ne, maganin kuma yana ɗan ƙara haɗarin suga ga wanda dama yake bakin kamuwa. Sai dai a gwajin SAMSON na Ingila a 2020, mutum 60 da suka bar sitatin saboda illa an riƙa ba su shi wani wata, wani wata kuma ƙwayar da babu komai ciki, ba tare da sun sani ba, aka ga kashi 90 cikin 100 na damuwar tana zuwa ko da ƙwayar banza suka sha. Wanda ciwon ya dama ya koma wa likita a rage masa ƙarfi ko a sauya masa wani.

Kada wani ya ce wannan duk ciwon Turawa ne. Binciken SIREN, da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya da Ibadan da Kumasi, ya kwatanta mutum 2,118 da suka samu shanyewar ɓarin jiki da takwarorinsu da ba su same shi ba. A sakamakon da ya fito a 2018 hawan jini ne a gaba da tazara mai nisa, matsalar maiƙon jini ke biye masa. Binciken ya kuma nuna cewa ƙarancin cin ganye yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗari, don haka idan Malam ya ce a yawaita zogale da alayyahu da rama, ina bayansa. Citta da tafarnuwa ma a zuba su a miya. Amma babu wani babban gwaji da ya nuna suna hana bugun zuciya ko shanyewar jiki yadda aka nuna wa sitatin da magungunan hawan jini.

Akwai wata ɓarnar da na tabbata Malam bai nufa ba. Idan aka ce wa dattijo kumburi ne abokin gabarsa, ba kasuwar kayan yaji kaɗai zai nufa ba. Zai shiga kemis ɗin bakin layi yana dafe da gwiwa ya ce, “Yaro, haɗo min na sanyin ƙashi.” Yaron ya ɓallo diclofenac biyu, ya ƙara ibuprofen, ya jefa 'yar ƙaramar dexamethasone ko prednisolone, ya ƙulle a leda ya ce, “Baba, safe da dare.” Gwiwa ta yi sauƙi a kwana biyu, Baba ya mayar da abin na kullum. Waɗannan ƙwayoyi suna tayar da hawan jini, suna lalata ƙoda, suna fasa gyambon ciki har ya yi jini, diclofenac da danginsa suna ƙara haɗarin bugun zuciya, dexamethasone kuma yana tayar da suga yana cinye ƙashi. A 2004 aka janye Vioxx daga kasuwannin duniya, shahararren maganin kumburin gaɓɓai, saboda an tabbatar yana ƙara bugun zuciya da shanyewar jiki. Dattijon da ya ajiye sitatin ya rungumi ƙullin ledar nan, wa zai ɗauki alhakinsa?

Matsayina bai da wani ɓoye. Kolestarol da ke maƙalewa a bangon jijiya shi ke tayar da kumburin da ke fasa ta, don haka ana yaƙarsu tare: a sauke LDL, a riƙe hawan jini da suga, a bar taba, a riƙa tattaki, a yi maganin cututtukan da ke zaune a jiki. Kuma idan kolestarol ɗin tsoho ya faɗi haka kawai ba tare da magani ba, ga rama, ga rashin cin abinci, kada iyali su yi murna da takardar, su nemi a duba masa tarin fuka da ciwon daji da hanta da ƙoda.

Malam, mutane sun yarda da kai, kuma wasu sun riga sun yi aiki da abin da ka rubuta. Ina roƙonka ka koma shafin nan da ka yi magana ka gaya musu kada kowa ya dakatar da maganin da aka rubuta masa sai ya ga likitansa. Kai kuma mai karatu, idan mahaifinka ko mahaifiyarka sun ajiye ƙwayarsu saboda wancan rubutu, ka tattara kwalayen magungunan duka, har da ƙullin kemis, ka raka su asibiti a cikin makon nan.